Ƙafar da Evaristo Ya Ɗaga

Bangon da ya raba ɗakin ɗinkin Ofelia da garejin yayanta Evaristo siriri ne, ko sifana ta faɗi a can sai ta ji ta a nan. Ranar Talatar nan da tsakar rana, duk garin La Verbena na barcin rana, ta tsayar da keken ɗinkinta saboda ta ji muryar Don Casimiro, shugaban ƙungiyar motar tseren gari, mutumin da bai saba taka ƙafa zuwa wurin kowa ba, sai dai a je masa.

"Motar nan ba taka ba ce, yaro. Ta gari ce."

"Yaron ka baro shi a gida, Don Casimiro. Dubi furfurata."

"Ba wanda ya kore ka. Kujera kawai za ka sauya. Nicanor ya riƙe sitiyari ranar Lahadi, kai ka zauna a gefe ka nuna masa hanya."

"Ɗan rakiya ke nan."

"To mene ne a ciki? Shekara nawa shi yana yi maka?"

Evaristo ya ce a faɗa masa laifinsa da baki, tunda yau an zo har gida. Tsohon ya yi ta kewaye-kewaye, ya kawo zancen shekaru, ya kawo zancen ido, ya ce matasa ma suna da haƙƙi. Da kewayen ya ƙare masa sai ya ce kowa ya san abin da ya faru bara, an ɗaga ƙafa daga totur a gaban duniya.

"Na ɗaga," in ji Evaristo. "Kai a ina kake tsaye lokacin?"

Daga nan aka ja ƙofar gareji da ƙarfi, muryar tsohon ta fito daga titi tana cewa in ba ya so shi ke nan, ɗan ɗan'uwansa na nan yana roƙon kujerar. Wani ƙarfe ya bugi bangon daga ciki har ƙasa ta zubo a kan yadin da take ɗinkawa.

Ba ta kakkaɓe ba. Nicanor ɗin da ake magana mijinta ne. Ɗazu ya ci abinci a gabanta, ya yaba miya, ya goge baki, ya je ya kwanta, bai ce mata uffan ba.

Evaristo Aldabe ba a makaranta ya koyi tuƙi ba. Ubansu mai shanun tatsa ne, kuma jirgin ƙasan da ke kwasar madara zuwa birni ba ya jiran kowa. Tun kafin ƙafarsa ta kai totur sosai yake ɗaukar tsohuwar akori-kurar gidan cike da garwanin madara, ya bi hanyar da damina ta mayar da ita kunu, ya isa tasha jirgi na huci. A nan ya san cewa laka iri-iri ce, akwai wadda ake lallaba, akwai wadda in ka lallaɓe ta za ka kwana a cikinta. Ofelia tana ƙarama take zama a baya tana rungume da murafen garwa don kada su tashi, tana kuka tana dariya. Ita ce 'yar rakiyarsa ta farko, ko da yake ba wanda ya taɓa lissafa ta.

Mutanen da ke shan mate, shayin ganyen ƙasarmu, a bakin rumbun hatsin Don Casimiro su suka fara lura da shi. A shekarun nan duk garin da ya san ciwon kansa yana da mota a gasar tseren hanya, mu kuwa ba mu da ko keke. Aka kafa ƙungiya. Wannan ya ba da maraƙi, wancan buhunan alkama, mai shagon taya ya ba da tayu, mata suka yi ta tuya ana sayarwa, kowace Juma'a a gasa nama a zauren ƙungiya a ci a sha don mota. Da ta haɗu, wata ƙatuwar tsohuwar mota da aka yanke mata fukafukan saman tayu aka sa mata injin da ke girgiza tagogi, sai aka yi gardama kan abin da za a rubuta a rufinta. Ba gardama ba ce ta gaske. Aka rubuta LA VERBENA da farin fenti, manya-manyan baƙaƙe, yadda mai sharhin rediyo da ke bin tsere a jirgin sama zai karanta daga can. Sunan direba yana jikin ƙofa, ɗan mitsitsi, sai ka sunkuya.

Kada wani ya ce maka don son Evaristo aka yi. Garin da jirgin ƙasa ke tsayawa a cikinsa don madara kawai, garin da ma'aikacin gidan waya na birni ke tambaya a wace jiha yake, abin da yake yunwa shi ne ya ji an kira sunansa. Ranar da aka fara ji daga rediyo, "La Verbena ta wuce ta huɗu," dattawa sun yi kuka a bakin titi, suka rungumi juna, har waɗanda ba sa ga maciji.

Shi kuwa ya biya da abin da yake da shi. Ya yi tseren kwana da kwanaki har duwatsun arewa, ya dawo da leɓe a fashe. Ya karya haƙarƙari sau biyu, ƙashin kafaɗa sau ɗaya, kunnensa na hagu ya daina ji saboda ƙarar inji. Bai zama zakaran ƙasa ba, amma ya ci gasa uku masu kyau, kuma abin da direbobi ke girmama shi da shi shi ne yana kawo mota gida da tayunta huɗu. Akwai shekarar da ya nemi wata malamar makaranta, har an fara maganar ranar coci. Sai wasu dattawan ƙungiya suka kai wa ubanta ziyara, suka yi masa bayanin, cikin tausayi, yawan matan direbobi da ke sa baƙin kaya. Uban ya ɗauke 'yarsa ya mayar birni. Daga baya Ofelia ta ji dalilin daga bakin matar ɗaya daga cikinsu: wai mai mata ba ya taka totur har ƙasa. Evaristo bai sake neman kowa ba, su kuma suka riƙa yabonsa cewa ya auri mota.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa a garinmu. San Eulogio, maƙwabtanmu da ke bayan tafki, direbansu ya mutu a wata kwana shekarun baya. Sun kafa masa dutse a wurin, da sitiyarinsa a manne a sama. Kowace shekara motoci na zuwa daga ko'ina, a ajiye furanni, rediyo ya wuni yana kiran San Eulogio. Mutanenmu in sun tashi zancen dutsen nan sai su ce Allah sarki, Allah ya jiƙansa, su girgiza kai. Ofelia ta daɗe da daina kallon bakinsu, idanunsu take kallo, kuma abin da take gani a ciki ba tausayi ba ne.

Nicanor Beltrame ya shiga motar ne bayan ya aure ta. Bakanike ne mai hannu, marar yawan magana, ga shi ba nauyi. Aikin ɗan rakiya ba wasa ba ne: idonsa na kan allurar ma'aunin mai, hannunsa na kan famfo yana ƙara wa inji, in taya ta fashe shi ne a ƙasa kafin mota ta gama tsayawa, in wani ya matso daga baya ya daki kafaɗar direba. Ƙurar da direba ya sha shi ma ya sha, ramin da direba ya faɗa tare za su faɗa. Abu ɗaya ne ba a raba masa, shi ne suna. Ofelia ke ɗinka musu kayan tseren su biyu daga yadi ɗaya, kuma duk Lahadin tsere tana zaune gaban rediyo, duk abin da ta mallaka a duniya na cikin akwatin ƙarfe guda yana gudu.

Bara ne aka kawo gasar har gida, zagaye a kan hanyoyin gonakinmu. A bayan tasha hanyar tana haura layin dogo, tudu ne da in mota ta zo da gudu sai ta tashi sama da tayu huɗu. Nan kowa ke son tsayawa. Kuma akwai al'adar da samari suka mayar jarumtaka: a tsallake shingen waya a tsaya a tsakiyar hanya ana kaɗa hula, sai mota ta kusa a dare gida biyu ta wuce. Ranar nan tun safe ake gashi ana shan giyar inabi. Da rediyo ya ce La Verbena ce a gaba a zagayen ƙarshe, ba samari kaɗai suka tsallake shingen ba. Dattawan ƙungiya, mai chemist ɗin gari da matarsa, ɗan sandan da aka sa ya tsare wurin, mata da goyo a hannu, duk suka cika hanyar a daidai inda mota ke dira.

Ofelia tana kan barandar tasha, ta ga komai daga sama. Ta ga ƙura ta taso, ta ga na gefe sun watse, na tsakiya kuma sun rasa inda za su bi saboda cunkoso. Ta ga Don Casimiro a tsakiyar tsakiya, hula a hannu, baki buɗe, ƙafafunsa sun ƙi ɗaguwa. Sai ƙarar injin ta yanke. Motar ta haura tudun ba ta tashi ba, ta karkace, ta ja tayu, ta tsaya a gicciye, hancinta kusa da gwiwar tsohon yadda zai iya dafa ta. Gaban wandonsa ya jiƙe har takalmi. Kafin Evaristo ya miƙe motar, hanya ta buɗe fes, sabon direban San Eulogio ya zo ya tashi sama ya wuce.

Mai sharhin da ke jirgi abin da ke rubuce a rufi ya karanta. Bai ce Aldabe ba. Cewa ya yi, "La Verbena ta ɗaga ƙafa," kuma ya maimaita, ƙasa gaba ɗaya na saurare.

Kafin rana ta faɗi labarin ya sauya kaya. Wai hanyar a buɗe take. Wai mutane ai sun san lokacin darewa, ba yau aka fara ba. Wai tudun ya gani zuciyarsa ta tsinke, shekaru sun zo. Mutanen da ke faɗin haka da bakin da suka yi saura da shi suke faɗa, suna tsaye da ƙafafun da ya bar musu. Aka sa masa suna Zalɓe, mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. In ya shiga mashaya sai a ga maza sun ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa ba tare da sun dube shi ba, ana ƙunshe dariya. Matar mai chemist, wadda Ofelia ta ga ta durƙushe a kan hanyar tana kiran sunan Maryamu, ita ce ta ce a kasuwa ai namiji in ya fara tsoro gara ya koma tatsar shanu. Ya ɗaga musu ƙafa sau ɗaya, su shekara guda ba su ɗaga masa ba ko na yini.

Da farko Ofelia ta ɗauka takaicin rasa kofin gasar ne. Sannu a hankali ta gane ba shi ba ne. Mutum yana iya yafe wa wanda ya cuce shi, amma wanda ya gan shi a ranar da ya jiƙa wando, ya kuma rufa masa asiri, wannan sai dai a kawar da shi daga gaban ido.

Da yammar Talatar ta haɗa mate ta miƙa wa Nicanor ƙoƙon, ta bari sai da ya kai tsinken zuƙa bakinsa sannan ta tambaye shi tun yaushe ya zama direba. Bai yi musu ba. Ya ce tun makon jiya aka kira shi zaure, ya amsa, yana neman lokacin da zai gaya mata ne. Ta tambaya me suka nema a wurinsa. Ya ce ba komai. Ta zuba masa ido har ya ce, to, sun tambaye shi ko shi ma ƙafarsa tana da ciwon ɗaguwa, ya ce musu a'a, aka tafa masa.

Ta tuna masa cewa yana cikin motar nan bara. Ya ce kansa na ƙasa yana duba allurar mai, bai ga komai ba. Wannan ita ce maganar da ya shekara yana gaya wa gari, amma ita bai taɓa gwada ta a kanta ba sai yau. Ta ce masa ita ce ta riƙe masa kai a bayan gida ranar yana amai, yana lissafa mata fuskokin da ya gani ta gilashi ɗaya bayan ɗaya.

Ya ajiye ƙoƙon. "Ni ma uwa ce ta haife ni, Ofelia, ta kuma sa min suna. Kin taɓa jin sa a rediyo?"

"Za a faɗe shi," ta ce. "Da furanni."

Ya ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, ya ɗauki hularsa ya fita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san ba mugu ba ne. An dai gano inda yake masa ƙaiƙayi an sosa. Kuma ta san ɗan ɗan'uwan Don Casimiro da za a ɗora a gefensa, wani mai gyaran gashi da man kai wanda bai san famfon mai daga famfon ruwa ba, yana cikin waɗanda suka fara ɗaga ƙafa a mashaya. Irinsa in ya ga mutane a hanya ihu zai yi a taka.

Washegari ta zagaya garejin. Motar na nan, don duk garin ba inda za a kai ta. Evaristo na zaune kan taya yana wanke wasu ƙarafa a kwano, ya juyo mata da kunnen da ke ji. Ta ce masa ranar Juma'a ya tashi a gaban gashin nama ya faɗi waɗanda ke kan hanya, suna bayan suna, ya faɗi abin da ya gani a wandon shugaba. In gari ya ji kunya za a tsare shingen, za a daina yi wa Nicanor huɗubar totur.

Ya ce me zai faɗa wa wanda ya riga ya sani? Ba mantawa suka yi ba. Da ya taka, in ji shi, da yanzu akwai dutse a bayan tasha wanda ya fi na San Eulogio tsawo, da sunansa a sama da manyan baƙaƙe, kuma da waɗanda suka rage sun yafe masa tuni.

Ta ce ba tarihi ta zo ji ba. Bana mutanen da za su cika hanyar sun fi na bara, don kowa na son ya nuna cewa bara ma ba abin tsoro. Mijinta kuma ya yi alkawari a gaban maza.

"Mijinki da gemunsa," ya ce. "Ni ba mai renonsa ba ne. Shekara guda yana duba allurar mai, ya ci gaba da dubawa."

A nan ta ga abin da ba ta so gani ba. Shirun yayanta ba haƙuri ba ne kawai. Yana jin daɗinsa. Yana jin daɗin yadda Don Casimiro ke tsallaka titi in ya hango shi, yadda masu ɗaga ƙafa ba sa iya haɗa ido da shi. Gari gaba ɗaya na cikin aljihunsa, in ya yi magana ya kashe abin da yake riƙe da shi. Girman kai ne ya sa rigar waliyyai. Ta gaya masa haka a fuskarsa, ta ce shi da su duk ɗaya ne, kowa na lallashin mutuncinsa, ita ce za ta ɗinka baƙin kaya. Ta ce, "Yaya, ka bari aka kore maka mace ba ka ce komai ba, ka ɗauka jarumtaka ce. Nawa mijin ba za a kore shi zuwa kabari ina kallo ba." Hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Bai ɗago ba har ta fita.

Ranar Juma'a mata kan kai ganye da burodi zauren ƙungiya, su jera a tebur, su koma kicin. Ofelia ta kai nata ta ƙi komawa. An yanka haƙarƙari ana rabawa, an zaunar da Nicanor kusa da shugaba, wurin da bai taɓa zama ba, Evaristo kuwa bai zo ba. Don Casimiro ya miƙe da kofi a hannu yana jawabi kan garin da zai wanke sunansa jibi. Ta bari ya kai inda ake tafi, sannan ta yi magana daga ƙarshen tebur, ba da ƙarfi ba.

"Ranka ya daɗe, tunda ana maganar wanki, wa ya wanke maka wandon bara? Ni ina barandar tasha."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Ta ci gaba, ta nuna su da yatsa, kai kana nan, kai kana bayansa, kai ka ture matarka ka haye shinge. Ta ce wanda duk ke zauren nan da ya tsallake waya ranar ya ɗaga ƙafa ɗaya yanzu ta gani, tunda sun iya.

Ba wanda ya motsa. Na ɗan lokaci ta ɗauka ta ci. Sai Don Casimiro ya yi murmushi irin na kaka, ya ce jini ba ƙarya ba ne, ƙanwar Zalɓe dole ta kare Zalɓe, a yi mata uzuri, mata da zullumin tsere. Ya dafa kafaɗar Nicanor ya tambaye shi, cikin raha, ko a gida ma shi ne ɗan rakiya. Dariyar da aka riƙe ta samu ƙofa, zaure ya ɗauka. Fuskar Nicanor ta yi ja har wuya. Ya miƙe ya ce a gaban kowa, ranar Lahadi ko uwarsa ce a kan tudun nan sai dai ta kauce. Aka buga tebur ana kiran sunansa. Karon farko ke nan da ya ji mutane da yawa sun faɗe shi tare.

Ta koma gida ta san ta ƙara wa wuta mai. Asabar da safe mata biyu suka aiko a karɓo yadinsu ba a ɗinka ba. Nicanor bai yi mata magana ba, ya wuni a zaure ana koya masa hanyar da ya fi su sani. Ta bayan bango kuwa tun safe take jin aiki, ana kwancewa ana ɗaurawa, ana huda ƙarfe, ana kunna inji a kashe, a sake kunnawa a kashe. Ta ce a ranta, dubi wannan bawan, sun tuɓe shi tsirara kuma yana goge musu takalmi. Ba ta leƙa ba.

Lahadi da sassafe Nicanor ya sa kayan tserensa ya tsaya a tsakar ɗaki kamar zai ce wani abu. Ya sumbaci goshinta ya tafi wurin tashi, inda tuni aka tura motar. Titi ya cika da masu wucewa da kujeru da kwandunan nama, duk sun nufi bayan tasha. Ta zauna gaban rediyo ba ta kunna ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Evaristo ne, cikin kayan tsere, hular kwano a hammata, tsumman goge mai a rataye a ɗamararsa inda 'yan rakiya ke rataye shi. Wasu masu wucewa suka gan shi, ɗaya ya tsaya da ƙafa ɗaya yana tangaɗi, sauran suka yi dariya. Bai waiwaya ba. Ya ce jiya da yamma ya aika wa Don Casimiro cewa ya karɓi kujerar, tsohon har ya aiko masa da kwalbar giya don murna an karya shi.

Ta rasa ko ta rungume shi ko ta rufe masa ƙofa. Ta ce me zamansa a gefe zai hana, tunda totur na ƙarƙashin ƙafar wanda ya yi rantsuwa? Dukan kafaɗa ne zai tsayar da shi?

Ya dubi titi, ya rage murya.

"Wayar wutar inji na ja jiya, na kawo makunninta ƙarƙashin kujerata. Bai sani ba, kada ki gaya masa. In hanya a buɗe take, ya tashi sama ya ci kofinsa, ni zan fara tafa masa. In sun cika ta, shi ba zai ɗaga ƙafa ba, bai karya rantsuwa ba, ni ne zan kashe. Za su ce Zalɓe ya yi baƙin ciki, shi ma zai ce haka, wataƙila ya daina gaishe ni." Ya sa hular a kai yana ɗaure igiyar. "Ki dafa da yawa, auta. Mu biyu za mu dawo, ko da ba a tebur ɗaya za mu ci ba."